Tarin da Baffa Ya Haɗiye

Tun da na dawo daga Kalgo ban sami sukunin shan iska a ƙofar gida ba. In na nufi masallaci a tare ni, in na shiga kasuwa a ja mini riga: "Malam Labbo, wai da gaske kun ga Bature mai ƙaho? Wai kai da surukinka kunka shiga jirgi guda?" Na ba da labarin nan har ya tsufa a bakina, kuma na lura duk wanda ya ji sai ya ƙara masa gishiri kafin ya miƙa wa na gaba. Shekaranjiya wani ya rantse mini cewa kada ya biyo mu har tudu. To, ga shi na rubuta sau ɗaya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ku bar ni in huta.

Sai in fara da laifina, don kada wani ya riga ni. Ni nake rubuta wa Mai'unguwa Gado wasiƙu a nan Gwandu. Da damina takarda ta zo daga hukuma, cewa Gwamnati ta ware kuɗi saboda tarin fuka, tarin nan da ke ramar da mutum har ya riƙa tofar da jini. Duk inda ake da masu shi za a gina musu ɗaki mai iska, a riƙa ba su madara, a koya wa mutum guda yadda zai kula da su. Abin da aka nema kawai, kowane mai unguwa ya faɗi ko akwai masu tarin a wajensa.

Dattawa suka taru a zaure. Wani ya ce haraji ne ya sake riga. Wani ya ce so ake a kwashe marasa lafiya a kai su inda ba a dawowa. Amma wanda ya ci zaman shi ne wani tsoho da ya buga sanda a ƙasa ya ce, "In babba ya tambaye ka lahiya, mi kaka ce mai? Kun taɓa jin wanda sarki yag gaisas yac ce cikinai na ciwo?" Kowa ya ce wannan ita ce magana. Na gyara alƙalami na rubuta da rubutuna mai kyau: muna gaisuwa, muna godiya, unguwarmu lafiya lau, babu mai ko atishawa. Ina rubutawa mutum uku suna tari a cikin zauren, ɗaya daga cikinsu surukina ne.

Ba zan faɗi sunansa ba, kun san dalili. Baffa nake ce masa. Dogon tsoho ne mai shanu, mutumin da ƙaya za ta soke shi ya kai gida da ita don kada a ga ya sunkuya. Wata bakwai ke nan yana tari. Bara ƙanensa ya rasu da irin wannan tarin a ɗakin da Baffa yake kwana, ɗaki mai ƙofa ɗaya, babu taga, an toshe kowace kafa saboda sauro. A cikin ɗakin nan kuma, a bayan Baffa, 'yata ta fari take kwana, yarinya 'yar shekara biyar. Da aka yaye ta aka kai masa, kamar yadda ake yi da ɗan fari, kuma tun da kakarta ta rasu ta ƙi kowa sai shi. Ni da uwarta ba ma kiran sunanta, ba ma ɗaukarta a gaban mutane, balle mu buɗe baki mu ce a ba mu ita. In na wuce gidan ina jin tarin nan, amma in yi sallama, in tsuguna, in ce, "Baffa, an tashi lafiya?" ya ce lafiya lau, in tafi.

Bayan an yanke gero wani mai kawo busasshen kifi ya zo da labari. Ya ce a Kalgo an riga an gina ɗakin, masu tari suna shan madara safe da yamma, likita Bature yana can, kuma in ya tashi an rufe zancen ke nan. Mai'unguwa ya kira ni ya ce in rubuta wata takardar in kai da kaina. Na ce, "Ranka ya daɗe, wa zai yarda? Hannun da ya rubuta babu shi zai rubuta akwai?"

Matata Hajo ce ta kawo dabarar. Tana tankaɗe, ko dubana ba ta yi ba, ta ce, "Ku tahi da Baffa, Bature shi ji tarin da kunnenai. Kak ku ce mai magani za a biɗa. Ku ce kai yaro na, ba ka iya gaida manya ba, sai da dattijo."

Na ce, "Ni da gemuna?"

Ta ce, "In an gina ɗakin shi koma can. In ya koma can, yarinyag ga ta hita ɗakinai." Wannan ne karo na farko da na ji ta ambaci yarinyar a gabana, kuma rariyar ta tsaya a hannunta.

Baffa ya karɓi aikin da hannu biyu. Ashe ya daɗe yana ganin ban iya gaida manya ba.

Muka tashi bayan asuba, shi a kan jaki, ni a ƙasa da burgami, jakar nan ta fatar akuya. Hajo ta cika shi da dawo da ƙuliƙuli da dambu, abincin da zai ishi mutum huɗu. Abin da babu wanda ya tuna shi ne, ni ba na ci a gaban Baffa, shi ma ba ya ci a gabana. Rana ta take, muka zauna a gindin wata ƙirya, burgami a tsakaninmu. Na ce, "Baffa, ko za a taɓa wani abu?" Ya ce ya ƙoshi. Ya ce, "Kai hwa?" Na ce ni ma na ƙoshi. Muka zauna muna kallon jaki yana cin ciyawa, shi kaɗai ne ba shi da suruki a wurin.

Da yunwa ta kai mini karo sai na sami mafita. In ce zan kewaya, in soke ƙuliƙuli a aljihu, in shiga bayan sabara in tsotse shi a hankali, don in ka tauna ƙuliƙulin Hajo ana ji daga wata gona. Kafin la'asar na kewaya sau shida.

Shi ma yana da tasa dabarar. In ya ji tari na tasowa sai ya ce, "Wuce gaba ka dubo muna hanya." In wuce in dubo hanyar da babu abin dubawa a cikinta, ina jin sa daga nesa yana yi kamar ƙirjin zai tsage. Sau ɗaya na dawo da wuri, na ga yana cusa wani tsumma a aljihu. Na ga jan da ke jikinsa. Daga nan har Ceberu ƙuliƙulin bai ƙara yi mini daɗi ba.

A Ceberu muka sauka gidan wani manomi mai fara'a, Manu. Aka kawo fura ƙwarya ɗaya da ludayi ɗaya, aka ajiye a tsakaninmu. Muka ce mun ƙoshi, baki ɗaya kamar mun haɗa. Manu ya dubi leɓunanmu da suka bushe, ya ce, "Ku yi man gahwara, wane ka auren ɗiyar wane?" Da ya ji amsa ya yi dariya har da riƙe ciki, ya sa aka bar Baffa a zaure da ƙwaryarsa, ni aka kai ni bayan rumbu da tawa. Ban taɓa shan fura mai daɗin wannan ba, ko da yake awaki suna kallona.

Ina cikin lasar ludayi sai ga Manu da ƙoƙo cike da wani baƙin ruwa. Ya ce, "Sha, Malam. Baffanka ya hwaɗa man komi. Yac ce tun sahe kana bayan sabara, sau shida ya ƙidaya." Jiƙon maɗaci ne. In na ce lafiyata lau, sai in faɗi abin da nake yi a bayan sabara. Na rufe ido na shanye, Manu yana tsaye yana yi mini sannu. Da safe duk gidan suka fito suna tambayata yaya jiki, mata suna leƙe suna tausaya mini. Baffa kuwa, wanda tarinsa ya tashi gidan tun kafin kiran salla, babu wanda ya tambaye shi, don ya riga ya gaya musu hayaƙin murhu ne ya shaƙe shi.

Kwana na biyu ba shi da labari, sai tafiya da ƙaiƙayin gero. Mun kwana a zangon fatake, inda wata mai tuwo ta sayar mini da malmala biyu ta ba ni a bayan danga ba tare da na yi bayani ba. Ta ce tana gane mai tafiya da suruki tun daga nesa, don yana tafe kamar wanda ya yi sata.

Da hantsin rana ta uku muka shiga Kalgo. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, mutanen nan da sassafe suke cin shinkafa da kifi, abin da mu sai da salla ko suna. Ko'ina warin kifi, ko'ina taru a shanye. Kuma ba su san magana a hankali ba. Mu a gida in ka tambayi mutum hanya sai ya tambayi lafiyar kakanka tukuna, su kuwa daga tsallaken hanya za su kwaɗa maka amsa. Na tambayi wani mai gyaran taru inda ɗakin masu tari yake, ya ce daga ina, na ce Gwandu, na faɗi unguwarmu. Sai ya jefar da tarun ya yi kira: "Ku hito! Ga mutanen da ba su atishawa sun zo!"

Ashe takardata ta riga ni zuwa. Tafintan likita ya karanta ta a bainar jama'a, garin duka ya haddace. Yara da manya suka bi mu. Wata tsohuwa ta ce in tsaya ta taɓa rigata ko ta sami albarka. Wani ya miƙo mini garin taba ya ce in shaƙa a gani. Na yi ta murmushin dole. Baffa kuwa ya gyara zama a kan jaki, don shi a ganinsa yabo ne.

Ɗakin yana bayan gari, a kan tudu. Tagogi ta kowane ɓangare, manya, akuya za ta shiga ba ta sunkuya ba. Mai kula da shi wani tsohon masunci ne, Nomau, an ba shi farar hula yana ji da ita. Ya zaga da mu. Kowane majinyaci da ƙwaryarsa da ludayinsa, an yi musu shaida da wuta. Kowa da kaskon toka a gefensa, nan zai tofa, da yamma a haƙa rami a binne. Tabarmi kullum sai an shanya su a rana.

Baffa ya dubi ludayen da aka jera, ya ce, "Wurinmu kuturu ɗai aka ware ma ludayi."

Nomau ya ce, "Nan ma haka munka ce da hwarko, Baba, har munka gaji da bizne mutane." Ya juyo wajena, ya rage murya yadda ɗan Kalgo zai iya, wato rabin garin ne kawai zai ji. "Kak in yi maka ƙarya, Malam, magani babu. Mai sauran kwana shi tashi, wanda nashi sunka ƙare shi tahi. Amma na gida su tsira. Abin ga cikin lumhwashi shika bi, da miyau. Ɗaki ruhe, ga babba na tari, ga yaro kwance kusa, tau yaron shika hwara kamawa."

Ban dubi Baffa ba. Na ji dai ya ce in wuce gaba in dubo mana hanya.

Likitan kuwa ba ya nan. Ya haye Diggi tun jiya, daga can gobe zai wuce. Sai muka bar jaki wajen Nomau muka gangara bakin gulbi. Mai fito wani gajere ne mai faɗin ƙirji. Ya dube mu sama da ƙasa ya ce, "Nan mulkin sandar kiwo yaƙ ƙare, na ruwa yah hwara. Ku tuɓe takalma, ku zamna inda nic ce, kak kowa shi motsa ko ya ga uwatai cikin ruwa." Baffa bai taɓa shiga jirgi ba. Ya shiga kamar mai shiga kabari da ƙafarsa, fuska babu ko alamar komai, amma hannunsa ya damƙe bakin jirgin har jijiyoyi suka fito.

Jirgin ƙarami ne, mai fito kuma ya zaunar da mu muna fuskantar juna, gwiwa na taɓa gwiwa. Shekara takwas ina auren 'yar mutumin nan ban taɓa kallon fuskarsa ba, ƙafafunsa na sani. In na dubi dama ruwa ya juya mini kai, in na dubi hagu haka, dole na dube shi. Ashe Hajo hancinsa ta ɗauko. Ashe kuma ya rame fiye da yadda babbar riga take nunawa, wuyansa ya zama kamar na zakaran da aka fige. Tausayinsa ya kama ni, tsoro kuma ya fi tausayin yawa.

Mai fito ya ce, "Bahillace, in tsoro ya kama ka, kama gemun yaron ga."

Baffa ya ce, "Ruwan ga ko bai kai wanda shanuna ka sha ba."

Muka tarar da likita a Diggi, ƙarƙashin wata tsamiya, ga tebur, ga jama'a sun yi da'ira. Ja ne jawur, da gajeren wando, gwiwoyi a waje, babban mutum da furfura. Ƙahon da kuke ta tambaya ba a kansa yake ba. Wata igiyar roba ce mai baki biyu da yake sawa a kunne, ɗaya gefen ya ɗora a ƙirjin mutum ya saurara. Ba ya tsaga, ba ya jan jini, wanzaman garin duk sun raina shi. Kusa da shi ga tafinta, wani Bakano mai saurin baki.

Da layi ya zo kanmu Baffa ya tsuguna ya fara gaisuwa yadda ya kamata. Ya tambayi lafiyar Bature, da gajiyarsa, da iyalinsa, da dokinsa, da mutanen garinsu. Tafinta ya juya duk wannan cikin kalma biyu. Na miƙa sabuwar takarda. Tafinta ya karanta, ya buɗe wata jaka ya zaro tsohuwar, ya haɗa su gefe da gefe.

Ya ce, "Malam, wannan hannu ɗaya ne. Nan ka ce babu ko atishawa, nan ka ce tari ya gama ku. Wacce za mu ɗauka? Likita ya ce wurare da yawa da suka ji ana ba da madara sai tari ya kama su rana ɗaya. Ga dattijo nan, shi ba zai yi ƙarya ba." Ya juya wajen Baffa. "Baba, tsakaninka da Allah, akwai masu tarin nan a unguwarku? Kai kanka yaya jikinka?"

Na yi ta addu'a a zuci tarin ya zo. Kwana uku yana zuwa ba a gayyace shi ba. Ya kuwa zo, na gan shi. Kafaɗun Baffa suka ɗaga, wuyansa ya kumbura, idanunsa suka kawo ruwa. Ya danne leɓe, ya haɗiye, ya sake haɗiyewa. Wallahi na ga mutane suna dambe, ban taɓa ganin kokawa irin wannan ba. Da ya ci nasara ya buɗe baki da wata siririyar murya ya ce, "Lahiya lau muke. Mun gode."

Tafinta ya gaya wa Bature. Bature ya ɗaga kafaɗa, ya ture takardata gefe, ya yi wa na bayanmu hannu.

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. A gaban surukina, yana tsugune ina tsaye. Na ce, "Ba lahiya muke ba. Takardar hwarko ni nir rubuta ta, kuma ƙarya ta. Wanga dattijo surukina na. Watanai bakwai shina tari, da jini, tsumman na cikin aljihunai na dama. Ƙanenai ya mutu da shi bara." Na riga na shiga ruwa, sai na ƙarasa. "Kuma ɗiyata Kulu, shekarunta biyar, bayanai taka kwana. Ɗiyata ta hwari. Ina tsoron ta mutu."

Tun da aka raɗa mata suna ban taɓa furta shi ba, sai ranar, a gaban baƙi, a bakin kasuwar wani gari. Na ji wata mata a baya ta ce, "Wanga kam an yi marar kunya." Wata ta ce mata, "Yi kurum, ke ba ki bizne ɗa ba."

Baffa bai ɗago ba. Sai tarin da ya haɗiye ya dawo da 'yan'uwansa. Ya yi ta yi, ya dafa ƙasa, ya yi har jama'a suka ja da baya. Likita ya taso da kansa ya tsuguna kusa da shi da robar nan. Baffa ya riƙe wuyan rigarsa gam. Tafinta, wanda saurin bakinsa ya ragu, ya ce, "Haƙuri, Baba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Ni na juya baya, wannan kaɗai ya rage da zan iya yi masa.

Bature ya daɗe yana saurare. Sannan ya koma tebur ya rubuta sunan unguwarmu. Tafinta ya ce an kusa rabe kuɗin, abin da ya saura zai gina ɗaki ya koyar da mutum guda, madara kuwa sai mu ji da kanmu, tun da mu ne masu shanu. Ya ƙara da cewa, "Likita ya ce yarinyar nan, ranar da kuka isa, ranar za ta bar ɗakin." A gaban Baffa ya faɗa, Baffa kuwa yana gyara wuyan rigarsa kamar da wani ake.

Dawowarmu kwana uku ce, kuma a cikinsu Baffa bai ce mini ko kanzil ba. In gaishe shi da safe ya dubi jaki. A jirgi ya rufe ido tun daga wannan gaɓa har waccan. A Ceberu Manu ya tare mu da murna yana tambayar cikina, ya dubi fuskokinmu, ya bar wasan. Ni kuwa ina tafe ina lissafin abin da zai biyo baya. Mutumin da ka tsiraita a kasuwa yana da ikon ya aiko a ce 'yarsa ta zo gida, kuma babu dattijon da zai ba ni gaskiya. Yarinyar ma, wa ya isa ya shiga ɗakinsa ya ɗauko ta? Takardar Bature ba ta shiga nan. Muka iso Gwandu da azahar, ya karɓi igiyar jakinsa ya shige gida, ya bar ni a ƙofa.

Masu tambaya ko an ba mu abin da muka je nema, an ba mu. Ku je bayan unguwa ku gani, gini ya kai ƙirji, magina suna ta gardama da Mai'unguwa a kan girman tagogi. Tsohon nan da ya ce ba a gaya wa babba ciwo, shi ya fara aiko a tanadar masa wuri kusa da ƙofa. Wannan duk na sha faɗa muku a kasuwa. Ga abin da ban faɗa ba.

Ran da muka dawo, bayan la'asar, ina zaune a zaure na kasa ko cire takalmi, sai na ji sallamarsa. Baffa bai taɓa taka gidana ba. Na fito da sauri. Yana tsaye da 'yar tabarma a naɗe a hammata da ƙaramin ƙoƙo a hannu. Ya riƙe kan sandarsa ta kiwo, yarinyar ta riƙe ɗaya kan, tsawon sandar nan a tsakaninsu. Haka ya jawo ta tun daga gidansa, ta cikin unguwa, kowa yana gani. Tana ta dariya, ta ɗauka wasan makaho suke yi.

Na zube ƙasa ina gaisuwa. Ya ajiye tabarmar da ƙoƙon a bakin ƙofa, ya yi magana da bango.

Ya ce, "Ga ajiyarku. Ta cika surutu, ba ta barina barci." Ya gyara riƙon sandar. "Ba ta shan hura da tsami. In ta hwarka tana biɗar hannu, a ba ta."

Hajo ta fito daga ciki ta tsaya a bayana. Baffa ya murɗa sandar a hankali har ta kuɓuce daga hannun yarinyar. Nan ta gane ba wasa ba ne. Ta yi tsalle za ta rungume ƙafarsa, ya ja da baya da sauri, ya daka mata tsawar da bai taɓa yi mata ba. Ta tsaya cik. Na ɗauke ta, a ƙofar gida, a gaban mutane, tana harbina tana kiransa.

Ya juya ya tafi, a miƙe, bai waiwayo ba. Da ya kai lungun masallaci sai ya tsaya ya dafa bango, kafaɗunsa suna girgiza. Na ce wa Hajo tarin ne ya taso masa, bari in kai ruwa.

Ta riƙe mini riga. Ta ce, "Bar shi. Ba tari na ba."